Neman shawara: Ina son kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a karkara ya zama aikina, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni nas ce, ina da digirin jinya, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a karkarar jihar Kaduna. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin masu ciwon ƙwaƙwalwa. Za a kawo mai jego ba ta barci, ba ta cin abinci, jariri na tsala kuka ita kuwa ta zuba wa bango ido. In na ce a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, sai mijin ya hau lissafin kuɗin mota da na abincin mai jinya, ƙarshe a koma gida a ce iska ce. Mai hali a birni yana ganin likita, talakan ƙauye sai a ɗaure shi a ɗaki. Wannan bambancin nake so in yi aiki a kansa, har in kai inda za a ji maganata wajen tsara ayyukan lafiya. Shin in fara da kwas ɗin jinyar masu taɓin hankali, ko in wuce digiri na biyu a lafiyar al'umma? Ga Mama kuma ta dage wai babu mai auren mace mai "aikin mahaukata".

Wata tsohuwar nas, Kaduna:
Wa alaikis salam ƙanwata. Fara da kwas ɗin. Wanda bai taɓa zama da maras lafiya yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, bai iya bambance farfaɗiya da ruɗewar zazzaɓi ba, ko ya hau kujerar ofis takarda kawai zai riƙa turawa. Tun 1991 Najeriya ta rubuta cewa lafiyar ƙwaƙwalwa tana cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, amma ke shaida ce, me kika gani a ƙasa? Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1958, wadda kulle mutum kawai ta sani. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, don haka nauyin a wuyan irinki zai sauka. Kafin ma ki samu gurbi, nemi littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba aka yi shi, kuma kyauta ne a intanet. Batun Mama, ki bi ta a hankali. Tsoro ne na uwa. Ni da wannan aikin na yi aure, da shi na aurar da 'ya'yana.

Wani malamin lafiyar al'umma, Zariya:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai kada Malama ta tsaya a nan. Kwas zai koya miki kula da mutum ɗaya. Digiri na biyu, a ABU ko BUK, shi zai koya miki ƙirga girman matsala, tsara kasafi, da tsayawa gaban shugaban ƙaramar hukuma da hujja. Ki duba Farfesa Thomas Adeoye Lambo. A 1954 a Aro, kusa da Abeokuta, ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jiki. Daga nan ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda kakanni mata ya horar, suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, bincike ya nuna abin yana aiki. Shawarata, daga gobe ki ware littafi, ba tare da sa sunan kowa ba, ki riƙa rubuta masu zuwa da irin wannan larura, nawa aka tura, nawa suka je, me ya hana sauran. Wannan littafin shi ne zai zama bincikenki.

Wani ma'aikacin agaji, Maiduguri:
Anti, ko ƙungiya ta yi miki tayin albashi mai tsoka, kada ki ajiye aikin gwamnati. Nemi hutun karatu. Kwantiragi ne, ran da kuɗi suka yanke an rufe ofis, marasa lafiya kuma maganinsu ya tsaya.

Wata unguwarzoma, Kano:
'Yar'uwa, kada ki yi faɗa da malaman ruƙiyya, wurinsu ake fara zuwa. Ki je da ladabi ki gaida liman da mai unguwa, ki ce addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Amma mari da duka ba a sasanci a kansu. Kin tuna 2019 a Rigasa, da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa? Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, saboda ba su ga wata ƙofa a buɗe ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, kafin in tafi kwas ɗin, me zan iya yi wa masu jegon nan?

Tsohuwar nas:
Ranar awo da ranar rigakafi, ki ja kowace uwa gefe, ba a gaban uwar miji ba, ki tambaye ta barci, cin abinci, da ko tana yawan kuka. Wadda ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, ki kira mijin ki yi masa bayani, a tura ta a ranar. Sauran ki sa musu ranar dawowa bayan sati biyu, wadda ba ta zo ba ki bi ta gida.