Ɗaukar hoton dabbobin gona da kyamarar fim cikin hunturu: me kuka gani?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar shanu ko tumaki a fim a karkara, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ya taimaka mana. Me ke sa ƙanƙarar ta fito toka-toka, dabbar kuma baƙi ƙirin?

Tsohon hannu: Wa'alaikumus salam. Aikin na'urar auna haske ta kyamarar ne. An ƙera ta ne ta mai da duk abin da ta gani ruwan toka, to idan fari ya cika mata ido sai ta rage haske. Ka ƙara mataki 1 da rabi zuwa 2 a kan abin da ta nuna (kowane mataki ninka hasken da ke shiga ne sau biyu). Ko ka cire safar hannu ka auna tafin hannunka a hasken da ke kan dabbar, ka ƙara mataki 1. Kada ka auna a jikin baƙar saniya, nan kuma haske zai yi yawa. Fim irin Portra 400 da HP5 Plus suna jure ƙarin haske, ƙarancinsa ne ba sa yafewa.

Mai gyaran kyamara: Gaskiyarka Malam, amma sanyin ma yana tasa ɓarnar. Batirin LR44 saurin sanyin jiki gare shi, SR44 ya fi shi juriya, kuma a ajiye na sauyi a aljihun ciki. Kyamarori irin Pentax K1000 ko Nikon FM2 ko batir ya mutu suna ɗauka, awon haske kawai za ka rasa. Fim kuwa ƙandarewa yake yi, idan ka fizgi hannun jan fim sai haƙorin cikin kyamara ya yaga ramukan gefensa. Ja a hankali, naɗe a hankali, don naɗin gaggawa a busasshiyar iska shi ke barin zane kamar walƙiya a hoto. Kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi, sa kyamarar a leda mai zif tun a waje, ka bar ta awa 1 zuwa 2. Gumin ya tsaya a jikin leda, kada ya shiga gilashi.

Mai son tumaki: Ku bar ni da dabbobin. A saurin ɗauka, saniya mai tuƙa 1/125 na daƙiƙa ya ishe ta, mai tafiya 1/250, kaza kuwa da wannan fizgar kan nata sai 1/500. Gilashin kyamara mai milimita 85 zuwa 135 ya fi, don mai ɗaukar fili da faɗi yana kumbura hanci ya ƙanƙance jiki. Durƙusa daidai idonta, ka saita a kan idon da ya fi kusa da kai. Da sassafe ka sa rana a bayanta, tururin numfashinta zai fito fes. Shanu kuma akwai son ganin ƙwaƙwaf, har lasar gilashi suke yi, a ɗaura masa gilashin kariya.

Mai tambaya: Na gode Yaya. To cikin barga fa, a kunna filasha?

Tsohon hannu: A'a, tana iya firgita doki, kuma wuri ne matsattse. Tsaya inda hasken ƙofa ke sauka, buɗe kafar gilashi zuwa f/2.8, ka saita ISO, wato ma'aunin saurin kama hasken fim, a 1600 ka ɗauki HP5. Sai dai duk naɗin fim ɗin mai hoto 36 a haka zai tafi, ka rubuta 1600 a jikin gwangwanin don mai wanke fim ya ƙara masa lokaci.