Makullin cikin libarba: kariya ce ko ƙarin matsala?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan makullin da kamfanin Smith & Wesson ke sakawa a cikin jikin libarba ce, wannan ɗan ramin da ke gefen hagu, sama da maɓallin da ake turawa a buɗe silinda, wato 'yar gangar nan mai juyawa da ake zuba harsashi a ramukanta. Masu bindiga a Amurka da yawa sun tsane shi, har wasu na ƙara kuɗi don su sami tsohuwar da ba ta da shi. Wasu na cewa yana kulle kansa ana tsaka da harbi, wasu na cewa siyasa ce kawai. Yaya yake aiki a ciki? Shin da gaske yana kulle kansa? Kuma wanda ke da yara a gida zai iya dogara da shi?

Maƙeri:

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Sai an san yadda kayan cikin suke kafin a fahimci abin da ake gardama a kai.

Ramin da kake gani kan wani ɗan ƙarfe ne mai juyawa. Idan ka zura mabuɗin ka murɗa saɓanin tafiyar hannun agogo, kamar rubu'in zagaye, ƙarfen zai ɗaga wani siririn falle da ke kwance tsakanin hama, wato ƙarfen da ke bugi harsashi ya tashi, da bangon bindigar. Shi ake kira tuta. A jikin tutar akwai ɗan ƙulli, a gefen hagun hama kuma an yanka masa gurbi. Tuta na tashi, ƙullin ya shige gurbin, hama ta tsaya cak, kunama ma ba ta jawuwa. A bindigar da hamarta ke waje za ka ga kan tutar ya leƙo a gefen hama. A wadda hamarta ke ɓoye, irin samfurin 642, babu abin da za ka gani daga waje. Abin da ke riƙe tutar a ƙasa lokacin da makullin ke buɗe ɗan ƙaramin sifirin ne, kuma nan ne tushen ƙorafin.

Ƙa'idar amfani da shi ita ce a buɗe silinda, a fitar da harsashi duka, a duba kowane rami da ido, sannan a murɗa mabuɗin har sai an ji ya tsaya a mazauninsa. Ba a kullewa da harsashi a ciki, ba a kullewa hama tana ɗane. Wajen buɗewa ma a kai shi ƙarshe. Mabuɗin da aka bari a tsakiya, bai kulle ba bai buɗe ba, shi ne abin da 'yar girgiza kaɗan za ta iya ƙarasa shi. Bayan an buɗe, a nufi inda ba kowa da bindigar babu harsashi, a ja kunama a tabbatar hama na tafiya yadda ta saba.

Batun kulle kansa gaskiya ne yana faruwa, amma ba ko'ina ba. Inda aka fi samun labarinsa shi ne bindigogi marasa nauyi masu cin harsashi mai ƙarfi, irin 340PD mai harba .357 Magnum wadda ba ta kai giram 350 ba, da 329PD mai harba .44 Magnum wadda nauyinta giram 700 ne da ɗoriya. Dalilin a fili yake. Idan aka harba, bakin bindigar sama yake tashi da sauri, tutar kuma a kan wannan layin take juyawa. In shurin ya yi tsanani, ko sifirin ya yi sanyi, ko ba a zaunar da shi daidai ba tun daga masana'anta, tutar na iya tsalle daidai lokacin da hama ke tafiya, ƙullin ya kama gurbi. A bindigar ƙarfe zalla mai nauyin fiye da kilo ɗaya, tana harba .38 Special, abu ne mai wuyar gani.

Sai dai a kula, ba duk libarbar da ta cije ba ce laifin makulli. Sandar fitar da kwanson harsashi tana kwancewa da kanta ta hana silinda buɗewa. Ɓurɓushin albarushi na shiga ƙarƙashin ɗan ƙarfe mai siffar tauraro da ke turo kwanso, ya sa silinda ta yi tauri. A bindigogi marasa nauyi kuma, shuri na zaro kan harsashi daga kwansonsa har ya leƙo gaban silinda ya tokare ta. Waɗannan ukun sun fi makulli yawan tsayar da libarba, kuma sau da yawa shi ake ɗora wa.

Hajiya Mai Nazari:

Malam Maƙeri ya gama da ɓangaren ƙarfe. Amma fushin ya girmi matsalar sifirin, don tun kafin wani ya ga tuta ta yi tsalle aka tsani ramin.

A watan Maris na 2000, Smith & Wesson, wanda a lokacin yake hannun kamfanin Tomkins na Ingila, ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin Bill Clinton don ya tsira daga ƙararrakin da birane ke shigarwa a kan masu ƙera bindiga. Cikin abin da ya amince da shi har da saka makulli a cikin bindigoginsa. Sauran manyan kamfanoni ba su bi shi ba. Masu bindiga suka ɗauki abin a matsayin cin amana, suka ƙaurace wa kayansa, ciniki ya faɗi ƙwarai. A 2001 aka sayar da kamfanin a kan dala miliyan 15 da ɗaukar bashinsa, kuma wanda ya saya shi ne Saf-T-Hammer na jihar Arizona, kamfanin da sana'arsa ita ce makullan bindiga. A shekarar ne makullin ya fara bayyana. Gwamnatin Bush ba ta bi ta kan yarjejeniyar ba, amma ramin ya zauna. Shi ya sa har yau wasu ke laƙaba masa sunan Hillary Clinton, matar Bill Clinton.

Akwai kuma dokokin jihohi. Maryland ta yi doka a 2000 wadda ta buƙaci sababbin bindigogin hannu da aka ƙera daga 2003 su zo da abin kullewa a jikinsu. Dokar tarayya ta 2005 kuwa cewa ta yi dillali ya ba mai saye makulli ko ma'aji tare da bindigar hannu, ba ta ce sai na ciki ba.

A ganina masu ƙorafin suna da hujja guda mai ƙarfi. Mutum yana zaɓar libarba ne saboda sauƙinta, ka ja kunama ta tashi. Duk ƙarfen da aka ƙara wanda aikinsa shi ne hana ta tashi, ko da sau ɗaya cikin dubbai zai kuskure, ya taɓa dalilin sayenta. Inda suke wuce gona da iri shi ne ɗora wa makullin duk sauyin da ba su so. Mayar da allurar bugun harsashi daga kan hama zuwa jikin bindiga, da ƙera ƙananan kayan ciki da garin ƙarfe, duk sun riga makullin zuwa da 'yan shekaru.

Kamfanin ma ya ji. Ya daɗe yana fitar da 442 da 642 marasa makulli, a farkon 2025 kuma ya fito da samfurin 10 da 19 da 36 babu ramin.

Baban Khalifa:

Na gode Malam, na gode Hajiya. To sauran kamfanonin fa? Kuma maganar yara har yanzu tana raina.

Kawu Sale:

Taurus a bayan hama ya sa nasa. Ana murɗa mabuɗi, wani ɗan maɓalli ya taso ya tokare jikin bindigar, hama ba ta zuwa baya. Juyawarsa ba ta bin layin da shuri ke bi, shi ya sa ba a cika kuka da shi ba. Ruger ya taɓa saka nasa a ƙarƙashin mariƙi a wasu samfura, a gindin babban sifirin, inda ido ba ya gani. Colt Python da aka dawo da ita a 2020 da Kimber K6s ba su da shi sam.

Kada kuma a haɗa wannan makulli da ƙarfen da ke tare hama idan bindiga ta faɗi ƙasa. Wancan da kansa yake aiki, ba ya buƙatar mabuɗi, kuma ba a taɓa shi ko kusa. Ruger ya sa irinsa a bindigoginsa masu ɗana hama da hannu tun 1973.

Maganar yara, ɗana, kada ka dogara da makullin ciki shi kaɗai. Mabuɗan kamfani ɗaya duk iri ɗaya ne, na wannan bindiga yana buɗe waccan. Makullin ba ya hana a ɗauki bindigar a fita da ita, ba ya hana a buɗe silinda a zuba harsashi. Kuma a wadda hamarta ke ɓoye, mai ita kansa na iya mantawa ko a kulle take. Abin da ke tsare yaro shi ne akwatin ƙarfe mai lamba, a ɗaure shi da kusoshi a bango ko a ƙasa, harsashi a wani wurin daban a kulle. In babu akwati, a buɗe silinda a zura makulli mai igiyar ƙarfe ta cikin bututu ko ta ramin silinda, yadda ba za ta rufu ba. Wannan ko daga bakin ƙofa ana ganin a kulle take.

Maƙeri:

Ƙari kaɗan a kan maganar Kawu. Ana sayar da 'yan toshe na rufe ramin bayan an cire kayan makullin, kuma mutane na yi. Ban ba da shawarar mutum ya yi da kansa ba. Ɓamɓare murfin gefen Smith & Wesson da sukundireba yana lanƙwasa bakinsa, cire rabin kayan a bar rabi yana barin ƙarfe na yawo kusa da hama, kuma zai iya shafar garanti. Lauyoyi a Amurka ma sun rabu a kan yadda kotu za ta kalli bindigar da aka cire wa abin kariya. Wanda ba ya son makulli ya sayi wadda aka ƙera babu shi.

Idan kuma bindigar ta kulle kanta a wurin atisaye, a bar bakinta yana kallon inda ake harbi, a cire yatsa daga kunama, kada a yi mata ƙarfi. In hama ta maƙale a rabin hanya, a riƙe ta da babban yatsa, a murɗa mabuɗin zuwa buɗewa, a sauke ta a hankali, sannan a buɗe silinda a zazzage harsashin. Daga nan sai wurin mai gyara ko masana'anta a duba sifirin ɗin tutar, ba a ci gaba da harbi da ita ranar. Saboda haka mabuɗi ɗaya ya riƙa zama a jakar atisaye, ɗayan a inda yaro ba ya kaiwa.