Ɗaliban noma sun ƙi darasin tattalin arziki, ku ba ni shawara

Malam Sabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da tattalin arziki ga 'yan aji biyu na tsangayar noma. Ba ni na nemi kwas ɗin ba, mai riƙe da shi ne ya yi ritaya aka ɗora mini. Ga shi daga Rigasa nake tasowa, mota biyu, in isa jiki duk ya mutu. Mako uku ina zana layin buƙata da na wadatar kaya a allo, da na yi gwaji fiye da rabi suka faɗi. Wani ya ce mini, "Malam, mu noma muka zo koya." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Ya zan yi?

Ɗan Saminaka: Malam, ka yi haƙuri, amma gyaran daga wajenka yake. Ajiye allon nan. Ka sa kowa ya lissafa abin da buhun masara ɗaya ke ci: hayar gona, iri, huɗa, takin NPK da yuriya, maganin ciyawa, sussuka, kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sannan ka tambaye su me ya sa masara ke araha da kaka ta yi tsada da bazara, kuma me ya sa in ta yi kuɗi bara kowa ke rububin shuka ta bana har farashi ya karye. Darasinka kenan gaba ɗaya.

Maman Yusra: Ai mu abin ya ci. Maigida ya sayi taki da tsada, da kaka dillalai suka taya masarar kamar ta sata. Har yau bashi muke biya.

Baban Haidar: Ni dai ina ganin lissafi ne ba su iya ba tun daga sakandare. Fara da shi, kasuwa ba za ta rubuta musu jarabawa ba.

Malam Sabo: Na gode, amma misali ina bayarwa. Har cutar da ta cinye citta a Kachia a 2023 na kawo, yadda farashi ya tashi. Kuma manhaja aka ba ni, dole in kammala ta.

Ɗan Saminaka: Kai ka faɗa, su ba su lissafa da hannunsu ba. Kwashe su ka kai su kasuwar hatsi ta Giwa su ga awo.

Malam Sabo: Su fa sun haura 200. Wa zai biya motar?

Maman Yusra: Allah dai ya kyauta. Wai nawa buhu yake yanzu a Giwan?