Idan wasa ya ɓaci a gaban jama'a, me yaro zai yi?

Malama daga Birni:
Assalamu alaikum. Ni ce ke horar da ƴan wasan kwaikwayo a makarantarmu, kuma abin da ya faru a bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, har yanzu yana damuna. Yaron da ya fito a sarki yana tsakiyar yanke hukunci sai rawaninsa ya warware, iyaye suka fashe da dariya, shi kuwa ya daskare, magana ta ɓace masa, har sai da muka ja labule. Tun ranar ya ƙi dawowa gwaji. Ta yaya ake shirya yara domin irin wannan rana?

Tsohon ɗan samariya, Zango:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina, haddar ce ta kayar da shi, ba rawanin ba. A zamanin samariya, wato ƙungiyoyin matasa na wancan lokaci, lokacin da aka fara bikin matasa na ƙasa a nan Damagaram a 1976, ba ma haddace magana kalma bayan kalma. Kowa ya san inda fitowarsa ta dosa, sauran kuma daga bakinsa yake fitowa. Yaron da ya haddace, idan kalma ɗaya ta kuɓuce masa, sauran duk sai su bi ta.

Ina dogaransa suke? A fada, idan sarki zai gyara rawani ko zama, dogarai ne ke baza manyan rigunansu su kare shi daga idon jama'a. Da yaranki biyu sun yi haka suna cewa "Hattara, zaki!", da ƴan kallo sun ɗauka cikin tsari ne. Ki riƙa ɓata musu gwaji da gangan, ki ɓoye sanda, ki sa wani ya yi shiru, har su saba ceton juna.

Malamin lise (makarantar sakandare), Sabon Gari:
Mu ɗaukewar wuta ce ta taɓa samunmu. Yanzu mukan ajiye fitilu masu caji biyu a gefen dandali, makaɗin kalangu kuma ya san da duhu ya shigo aikinsa ne ya riƙe jama'a.

Uwar ɗalibi, Garin Malam:
Baba na Zango, na yarda da maganarka, amma ba kowace matsala ake rufewa da dabara ba. Idan yaro ya faɗi ya ji ciwo, ko zafin Afrilu ya sa shi jiri cikin babbar riga, a tsayar da wasan nan take. Shi kuma sarkinki, Malama, ki je gidansu ki yaba masa a gaban mahaifiyarsa, sannan a wasa na gaba ki sa ya fito a dogari.