Haruffan zamani a allunan shagunan Kano: ci gaba ne ko ado kawai?

Nura: Salamu alaikum. Ni ra'ayina, duk shagon da ke son a san ya waye, to ya koma haruffan nan da ake zanawa da da'ira da murabba'i da miƙaƙƙen layi. Jiya na yi wa wani mai sayar da waya a Farm Centre allon talla da salon haruffan Eurostile, harafin O kamar gilashin tsohuwar talabijin. Duk layin shi ake kallo. Zamanin buroshi ya wuce.

Baba Mai Fenti: Wa alaikumus salam. Ɗana, shekara talatin ina rubuta allo a Fagge. Allo ba don mai shago ake yin sa ba, don wanda ke cikin adaidaita sahu ne a guje. Na ga irin naku a Zoo Road, an cire sandar tsakiyar A ta koma kamar bukka, S da 5 kuwa ba ka bambance su. Lambar waya fa ake so mutum ya kwashe.

Nura: Allah ya ƙara girma Baba, amma tambarin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fito da shi a 1975 ma babu sandar nan, kuma duniya ta karanta. Salon ba na jiya ba ne. Mai zanen haruffa Paul Renner ya fitar da salon Futura a Jamus tun 1927, da shi aka rubuta allon da aka bari a duniyar wata a 1969.

Baba Mai Fenti: Harafi huɗu ne sunan nasu, kowa ya haddace. Rubuta "Ana gyaran waya da saka gilashi" da shi mu gani.

Malama Hadiza: Ku bar batun kyau tukuna. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙugiya. Da yawa daga salon nan ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Lokacin walimar saukar ɗalibanmu na kai aikin allo wani shago, na rubuta "Maraba da baƙi", aka kawo mini "Maraba da baki". Da na koma, sai yaron ya nuna mini a kwamfuta: yana danna ƙ sai ɗan akwati ya fito, shi ne ya sa k. Wallahi raina ya ɓaci. Yaran da nake koya wa bambancin kafa da ƙafa su ne za su tsaya a ƙarƙashinsa.

Nura: Gaskiya ne Malama, wannan kam ba musu. Salon haruffan Noto na Google yana da su duka, sai dai ba shi da wannan kwarjinin. Ni a manhajar zane ta CorelDraw nake zana ƙugiyar da hannuna, in daidaita kaurinta da na sauran haruffan.

Malam Kabiru: Wai me ya sa muke zuwa nesa? Rubutun Larabci na kufi mai murabba'i ya yi ɗaruruwan shekaru a bangon masallatai, kuma a matsayin ado ake sa shi, ba don dogon karatu ba. Nura, sa naka a sunan shago kaɗai, lamba da bayani ka bar su a fili.

Nura: Ban yarda ba Malam, allon zai rabu biyu.

Baba Mai Fenti: To kawo shi Fagge gobe bayan la'asar. Za mu jingina shi a bango, mu tsallaka titi, Malama ta karanta mana.