Muhawarar zaure: giya, ciwon suga, da kalmar "ɗan"

Ƙanwar Yaya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wallahi raina a ɓace yake, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Yayana yana fama da ciwon suga shekara 6, yana shan ƙwayoyin maganin suga, glibenclamide da metformin. Daren Asabar ya fita da abokansa ya ɗan sha giya, kuma rabonsa da abinci tun rana. Suka dawo da shi yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, suka shimfiɗe shi a kujera suka ce maye ne, da safe zai warware, suka yi tafiyarsu. Wajen ƙarfe 3 na dare matarsa ta ji yana wani irin gurnani. Ta taɓa shi, riga jagab da gumi mai sanyi, ta kira sunansa har sau nawa bai amsa ba. A asibiti aka auna sugansa, 41. Likita ya ce giyar ce ta kayar da sugan. Abin da ke cin zuciyata, su huɗu ne, duk sun san ciwonsa, na'urar gwajin tana kan tebur a gabansu, amma ko ɗaya bai yi tunanin tsira masa yatsa ba. Don Allah ku gaya min, waɗannan abokai ne?

Malam Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya shirye shi. Amma 'yar uwa, ki janye kalmar "ɗan". Babu "ɗan sha" a giya. Abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Da irin wannan sassaucin harshe ake mayar da kaba'ira abin wasa.

Ɗan Auta: Haba Malam. Mutum ya kusa rasa ransa, cikin duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta tsone maka ido?

Malam Babba: Kalmar ita ce tushen matsalar, yaro. Da gidansu ba sa cewa "ɗan", da bai kai nan ba.

Ƙanwar Yaya: Malam, ka san gidanmu ne? Na ce "ɗan" domin kwalba biyu suka ce ya sha. Ban halatta komai ba. Tambayata a kan abokansa take.

Kawu: Ni fa maganar likitan ce ban yarda da ita ba. Da hatsi da 'ya'yan itace ake yin giya, zaƙi ne asalinta. Ta yaya abin da aka yi da zaƙi zai saukar da suga? Akwai wani da muka yi aiki tare, duk ranar da ya sha, sugansa sama yake yi. Tsorata shi kawai likitan ya yi don ya daina.

Anti Nas: Kawu, ka yi haƙuri, likitan bai yi ƙarya ba, abokin aikinka ma bai yi ba. Duka biyun suna faruwa, lokacinsu ne ya bambanta. Giyar kwalba da mai zaƙi suna ɗauke da sitaci ko sukari, shi ya sa da farko suga kan hau. Amma idan mutum bai ci abinci ba, ko yana barci, hanta ce ke riƙe da shi, ita ke ƙera gulukos tana saki cikin jini kaɗan-kaɗan. Da barasa ta shiga, sai hanta ta saki wannan aikin ta koma kan kawar da barasar, domin guba ce a wajenta. To ga glibenclamide yana can yana matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Ana ta kwasa, ba a zubawa. Shi ya sa suga ke faɗuwa cikin dare, kuma haɗarin yana iya kaiwa awa 24 bayan an sha. Masu allurar insulin haka suke, masu shan gliclazide, ɗan'uwan glibenclamide, su ma haka.

Duk abin da ya yi ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, wato 3.9 a mmol/L, faɗuwa ce. Ƙasa da 54 kuma ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta. Yayan ƙanwata 41 aka samu. Abin da ya fi ba ni tsoro a aikina shi ne alamomin faɗuwar suga da na maye kusan ɗaya ne: tangaɗi, nauyin harshe, ruɗewa, masifa babu dalili, barci mai nauyi. Ga warin giya a baki, sai kowa ya yanke hukunci ya tafi. Shi kansa mai ciwon, barasa ta dushe masa ji, rawar jiki da bugun zuciyar da suka saba yi masa gargaɗi ba zai lura da su ba.

Baban Yara: To Anti, idan tana saukar da suga, ashe kaɗan ɗinta magani ce ke nan? Na taɓa gani a wani bidiyo an ce likitocin Amurka sun yarda da kofi ɗaya, har ma jar giyar inabi na gyara zuciya.

Malam Babba: Kun ji ko! Daga "ɗan" an koma "kaɗan", daga "kaɗan" an koma "magani". Abin da nake gudu ke nan tun farko.

Anti Nas: Baban Yara, a'a, kada ka kuskura. Saukar da ba ka san ƙarfe nawa za ta zo ba, ba ka san inda za ta tsaya ba, wannan ba magani ba ne. Abin da ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ta faɗa iyaka ce ga wanda ya riga yana sha: kada mace ta wuce awo ɗaya a rana, wato kamar ƙaramin gwangwanin giya ɗaya, namiji biyu, kuma tare da abinci. Ba su ce wa kowa ya fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a Janairun 2023 ta ce babu adadin barasa da za a kira marar illa ga lafiya. Ga mai suga abin ya fi muni. Kowane giram na barasa kalori 7 ne, ƙiba ke nan. Tana ta da hawan jini da kitsen jini, tana ƙara lalata jijiyoyin ƙafa da ciwon ya riga ya fara ci. Yawan sha tare da metformin na iya tara asid a jini, abin da ke kai mutum ɗakin kulawa ta musamman. Tana kuma kumbura fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin ɗin kanta.

Malam Babba: Anti, da girmanki kike kawo mana "awo ɗaya, awo biyu" a zauren nan? Yara suna karantawa. Wanda ke neman ƙofa, kin buɗe masa.

Anti Nas: Malam, tambaya aka yi na amsa don in rufe ƙofar. Ka karanta har ƙarshe.

Maman Biyu: Ni duk ba wannan ba. Ƙanwata, me ya kai ki tallan yayanki a gaban mutum ɗari da wani abu? Yanzu kowa ya san mashayi ne. Matarsa ta san kin rubuta wannan?

Ƙanwar Yaya: Yayana ba mashayi ba ne! Kuma ban faɗi sunansa ba.

Maman Biyu: Wanda ya sha, me ake kiransa?

Ɗan Auta: Mashayi shi ne wanda ba ya iya kwana sai ya sha. Ke kuma Maman Biyu, ba ke ce kika kawo mana labarin surukarki watan jiya har da hoton takardar asibiti ba? Lokacin ba tonon asiri ba ne?

Maman Biyu: Kada ka sako surukata a bakinka, ba sa'arka ba ce. Tun ranar da na ƙi goyon bayanka a zaɓen masu kula da zaure kake bi na da ƙulli.

Ɗan Auta: Ni ban nemi komai ba, sunana aka saka.

Kawu: Har yanzu dai ni ban gamsu ba. Abokin aikin nan nawa ya yi shekaru yana sha, bai taɓa suma ba.

Mai Allura: Jama'a ku saurare ni, shekara 14 ina yi wa kaina allurar insulin, kuma ban taɓa kai giya bakina ba. Wata rana sugana ya faɗi ina kan layin biyan kuɗi. Na ji leɓena ya mutu, ina son in ce a ba ni abu mai zaƙi, kalmomin sun ƙi haɗuwa. Na dafa bango na zame. Ina jin wani a kaina yana cewa ku rabu da shi, ya bugu ne. Wata baiwar Allah ce ta lura da gumin, ta tambaye ni ko ina da suga, na gyaɗa kai, ta miƙo min lemo. Ni da babu warin komai a bakina aka yi min haka, ina ga wanda ya sha?

Maman Biyu: Ɗan Auta, ina jiran ka janye maganar surukata.

Malam Babba: Ni kuma ina jiran a janye "ɗan" da "kaɗan".

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da aka cim ma. Malam Babba ya yi gaskiya tun farko, da an saurare shi da ba a ja zancen ba: babu "ɗan" babu "kaɗan". Ita ma Anti Nas daga ƙarshe ta dawo kan maganar Malam, kodayake kawo lissafin awo bai dace da zauren nan ba. Kawu yana da hujjarsa, tunda ta tabbata giya na ta da suga. Mai tambaya ta yi kuskuren fito da sirrin gida, kuma laifin na yayanta ne da ya sha, ba na waɗanda suka taimaka suka kawo shi gida ba. Ɗan Auta ya ba Maman Biyu haƙuri. Zan rufe nan da minti 10.

Ƙanwar Yaya: Shugaba, Anti ba ta dawo kan maganar kowa ba, tata ta faɗa. Kuma ajiye mutum a kujera a tafi ba taimako ba ne. Anti, kafin a rufe, idan Allah ya kiyaye ya sake faruwa, me matarsa za ta yi?

Anti Nas: Ta auna shi nan take, ko da tana ganin maye ne. Idan ƙasa da 70 ne kuma yana iya haɗiya, ta ba shi giram 15 na sukari, kamar babban cokali ɗaya a ruwa ko rabin kofin lemo mai zaƙi, ta sake aunawa bayan minti 15, in bai hau ba ta maimaita, in ya hau ya ci abinci. Idan ba ya amsawa, kada ta ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. Ta kwantar da shi ta gefe, a wuce asibiti. Glibenclamide yana daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa bayan ya tashi, don haka ko ya farfaɗo a kai shi. Ku kuma roƙe shi ya gaya wa likitansa gaskiyar yawan abin da yake sha, domin da ita za a san maganin da ya dace da shi da yadda za a taimake shi ya daina.

Ƙanwar Yaya: Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Yanzu zan tura wa matarsa. Gobe za a sallame shi, na rubuta sunan ciwonsa da magungunansa a kati zan saka masa a aljihu.