TSH ɗina ya hau, amma an ce tayirod ɗina ta yi sanyi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Wata takwas ke nan da haihuwata, kullum jikina a mace, ina jin sanyi ko ana zafi, gashina yana zuba, ga ƙiba sai ƙaruwa take. Da aka ɗebi jinina, likita ta ce TSH ya hau sosai, T4 ya yi ƙasa, wai tayirod ɗina ba ta aiki yadda ya kamata. Abin ya ɗaure mini kai: ta yaya abu zai hau a ce aiki ya ragu? An ba ni levothyroxine, yau kwana 12 ina sha, ban ji sauƙi ba. In ƙara ƙwaya ɗaya ne, ko in bar shi?

Wata malamar jinya:
Wa alaikumus salam, sannu da jiki 'yar uwa. Kada ki ƙara, kada kuma ki bari. Ba tayirod ce ke yin TSH ba. Wata 'yar mitsitsiyar glanda ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ke sakin sa cikin jini don ya zaburar da tayirod da ke gaban wuya ta saki nata sinadaran, wato T4 da T3. Kamar uwa ce ke kiran yaro: in ya amsa, kira ɗaya ya isa, in ya yi shiru sai ta ɗaga murya. Hawan TSH ɗin naki ɗaga muryar ce. Maganin da aka ba ki T4 ne, a hankali yake taruwa a jini, shi ya sa ba a sake gwaji sai bayan mako 6 zuwa 8. Kwana 12 ai ba a fara ba. In kika yi gaban kanki kika ninka, bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci za ki jawo wa kanki.

Wani ɗan uwa:
Allah ya sawwaƙe. Ba maƙoƙo ba ne kuwa?

Malamar jinyar:
Malam, maƙoƙo kumburin glandar tayirod ne. Tana iya yin sanyi ba tare da wuyan ya kumbura ko kaɗan ba.

Wata mai irin lalurar:
Ni shekarata shida a kan wannan maganin. Ƙanwata, yaya kike shan sa? Da sassafe ake sha, ciki babu komai, da ruwa zalla, ki jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ki ci wani abu.

Mai tambaya:
Yaya, tare da maganin ƙarin jini nake haɗiye su, don kada in manta.

Mai irin lalurar:
Kash! Ayon, wato sinadarin ƙarfe, da ke cikin na ƙarin jinin yana riƙe maganin a hanji ya hana shi shiga jini, haka ma kalsiyam. Ki raba su da awa 4. Ni ma sai da na yi watanni ina wannan kuskuren, ina ta zargin maganin.

Malamar jinyar:
Ki kuma tuna wa likitarki watannin haihuwarki. Akwai matsalar tayirod da ke zuwa cikin shekarar farko bayan haihuwa, mata da yawa tasu takan dawo daidai, wasu kuma sukan zarce da magani. Gwaji ne zai raba gardama. In kika samu wani cikin, ki sanar da ita da wuri, don yawanci ana ƙara adadin maganin.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daga gobe na ƙarin jinin ya koma dare.